Tambaya da Amsa: Wace Inshora ce Ta Dace da Siririn Jirgin Ruwa a Ingila?

Wasiƙun wannan makon sun fito ne daga masu karatunmu mazauna Birtaniya, kuma duk sun haɗu a kan abu guda, wato siririn jirgin nan na ƙarfe da ke bin hanyoyin ruwan da aka haƙa a Ingila da Wales tun ƙarni na 18 domin dakon kwal da sauran kayan masana'antu. Faɗinsa ƙafa 6 ne da inci 10, tsawonsa kuma yakan kai ƙafa 70 ko ya ɗan ɗara, an kuwa ƙera shi haka ne domin ya iya shiga ƙuntatattun matakalun ruwan da ake ɗaga jirgi ko a sauke shi da su. A yau dako ya kau, jiragen sun koma na hutu da na zama, kuma tsadar haya ta sa mutane da yawa sun mayar da su gidajen zama.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ina aiki a Birmingham, kuɗin haya ya ishe ni, har na samu wani jirgi mai tsawon ƙafa 57 da aka ƙera a 1991, mai shi yana neman fam 36,000, kuma niyyata in tare a cikinsa gaba ɗaya. Na tuntuɓi kamfanonin inshora uku. Na farko ya yanka mini kuɗi kaɗan ƙwarai, na biyu ya nemi ninkin wancan kusan sau uku, na uku kuwa ya ce ba zai faɗi farashi ba sai an fito da jirgin daga ruwa an auna jikinsa. Me ya kawo wannan bambanci, kuma wanne ya kamata in ɗauka?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ya kamata ka fara ganewa shi ne, ba haja ɗaya kamfanonin nan uku suka yi maka tayi ba, saboda haka jera farashinsu kafaɗa da kafaɗa ba zai nuna maka komai ba sai ka san abin da kowanne ya ƙunsa.

Ga dukkan alamu na farkon inshorar haƙƙin wasu ya ba ka, wato wadda ke biyan diyya idan jirginka ya yi wa wani ɓarna, ko ya raunata shi, ko ya lalata ƙofar matakalar ruwa ko gada. Wannan ita ce wadda ba ka da zaɓi a kanta. Hukumar Canal & River Trust, wadda ta gaji British Waterways a 2012 kuma take kula da hanyoyin ruwa masu tsawon kimanin mil 2,000, ba za ta ba ka lasisi ba sai ka nuna kana da irin wannan inshora ta aƙalla fam miliyan 2, tare da takardar shaidar lafiyar jirgi ta Boat Safety Scheme wadda ake sabuntawa duk shekara huɗu. Amma idan jirgin naka ne ya ƙone, ko ya nutse, ko aka sace shi, wannan inshora ba za ta ba ka ko sisi ba. Ga wanda yake da gida a tudu, jirgin kuma na shaƙatawar ƙarshen mako ne da bai wuce 'yan dubbai ba, ana iya cewa ya ɗauki kasadar. Kai kuwa da za ka zuba fam 36,000 kuma ka mayar da shi makwancinka, ban ga hujjar tsayawa a nan ba, domin ranar da ya salwanta ka rasa jari da muhalli a lokaci guda.

Ko da wannan mai arhar mutum zai ɗauka, akwai layi guda da nake so ya nema da idonsa a cikin takardar yarjejeniya, shi ne ɗaukar nauyin tsamo jirgin idan ya nutse da kuma share man da ya malala a ruwa. Jirgi mai tsawon naka yana da nauyin tan goma sha wani abu, idan kuwa ya zauna a ƙasan ruwa ya tare hanya, hukuma za ta buƙaci a kawar da shi, kuɗin famfuna da na masu aikin ceto da na injin ɗaga kaya kuma a wuyan mai jirgi suke. Wasu yarjejeniyoyin haƙƙin wasu sun haɗa da wannan, wasu sun taƙaita shi zuwa wani adadi, wasu kuma sun cire shi ɗungurungum, kuma sau da yawa a nan ne arhar take ɓoye.

Na biyun cikakkiyar inshora ce, wadda ta haɗa haƙƙin wasu da jirgin kansa: gobara, sata, karo, nutsewa ta haɗari, da ɓarnar 'yan ta'adi. Na ukun ma ita yake nufin ba ka, sai dai ya ƙi sayen kura a cikin buhu, kuma a ganina shi ne ya fi yi maka adalci a cikinsu. Dalili shi ne shekarun jirgin. Galibin kamfanoni sukan nemi rahoton safiyon jiragen ruwa da zarar jirgi ya kai shekara 25 ko 30, wasu ma tun kafin haka, sannan su nemi a maimaita bayan 'yan shekaru. Ana fito da jirgin tudu, a wanke jikinsa, safiyo ya bi shi da na'urar da ke auna kaurin ƙarfe, ya kuma auna zurfin ramukan da tsatsa ta ci. Jiragen da aka ƙera a 'yan shekarun nan yawanci ƙasansu milimita 10 ne, gefensu 6, rufinsu 4, amma da yawa daga cikin tsofaffi da ƙarfe mafi siranta aka yi su tun asali, kuma kamfanoni da dama ba sa yarda su ba da cikakkiyar inshora idan abin da ya rage a jikin da ke cikin ruwa ya gaza milimita 4. Idan ya gaza, sai dai a cike ramukan da walda ko a lulluɓe wurin da sabon farantin ƙarfe, aikin da ke cin dubban fam, wanda kuma idan aka yi shi ba bisa ƙa'ida ba yakan ƙara wa jirgi nauyi har ramukan fitar ruwa da na hayaƙin inji su matso kusa da saman ruwa fiye da kima.

Kada mai sayarwa ya rufe maka baki da takardar Boat Safety Scheme. Wannan takarda tana duba bututun gas, da tankin mai, da wayoyin lantarki, da tukwanen kashe wuta, da hanyoyin shigar iska, da na'urar gargaɗin gubar hayaƙi wadda aka wajabta tun 2019, amma ba ta cewa komai game da kaurin jikin jirgi. Jirgi yana iya cin wannan jarrabawa yau ya nutse gobe. Haka kuma kada ka dogara da tsohon rahoton da mai jirgin ya sa aka yi, domin wanda ya ɗauki safiyo aiki ne kaɗai yake bin sa bashin gaskiyar rahotonsa, kuma kamfanin inshora yana iya ƙin karɓar rahoton da ya kwana biyu. Ka ɗauko naka safiyon kafin ka biya kuɗin jirgi, ka kuma tambayi kamfanin tun farko irin rahoton da zai karɓa, ta yadda fitowa ɗaya daga ruwa za ta biya maka buƙata biyu, ciniki da inshora. Idan rahoton ya zo da jerin gyare-gyaren da ya ce wajibi ne, ka sani kamfanin zai mayar da su sharaɗi, ya sa musu wa'adi, idan kuwa ba ka yi su ba har wani abu ya faru ta wannan kafa, to ka ba shi hujjar ƙin biya da hannunka.

Sai batun ƙima, wanda mutane ke tsallakewa alhali shi ne zai yanke abin da za a damƙa maka ranar asara. Akwai yarjejeniyar da ake amincewa da ƙimar jirgi tun ranar sa hannu, ta yadda idan ya ƙone ƙurmus za a biya ka adadin da aka rubuta bayan an cire kason da kai za ka fara biya daga aljihunka, akwai kuma wadda ke biyan abin da jirgin zai yi a kasuwa ranar da ya salwanta, wanda ma'aikacin kamfanin ne zai ƙiyasta. Ta farkon na fi so wa mai zama a jirgi, ko da ta ɗan ɗara tsada, domin tana rage jayayya a lokacin da mutum ba shi da ƙarfin yin ta. Sai dai ka riƙa waiwayar adadin duk shekara, musamman idan ka sa sabon inji ko faifan sola ko ka sake ginin ciki, tunda ƙimar da aka amince da ita shekara biyar da suka wuce ba lallai ta sayo maka irinsa a yau ba. Ka kuma duba kason da za ka fara biya daga aljihunka a kowace neman diyya. Ɗaga wannan kaso yana sauke kuɗin shekara, amma ba dabara ba ce ka amince da adadin da ba za ka iya fitarwa a mako guda ba.

Na bar mafi muhimmanci a ƙarshe: ka gaya musu ƙarara cewa a cikin jirgin za ka zauna. Kamfanin inshora jirgin da ka siffanta masa yake ɗaukar nauyinsa, ba wanda ke kan ruwa ba, kuma a wurinsa jirgin da ake hura murhu a cikinsa kullum, ana girki, ana cajin batura, daban yake da wanda ake buɗewa sau goma a shekara. Dokar Birtaniya ta 2012 game da bayanan da mai sayen inshora ke bayarwa ta ɗora maka nauyin amsa tambayoyinsu da gaskiya da kulawa. Idan aka gano da gangan ka ɓoye, suna da damar soke yarjejeniyar su ƙi biya, su kuma riƙe kuɗin da ka zuba. Idan sakaci ne, suna iya rage diyyar daidai da gibin da ke tsakanin abin da ka biya da abin da ya kamata ka biya, ko su soke su mayar maka da kuɗinka idan da ma ba za su karɓe ka ba. Ka ambaci murhun itace ko na kwal idan akwai, ka ambaci baturan litiyam idan ka sa, domin kamfanoni da yawa suna da sharuɗɗa a kansu. Sannan ka tambayi iyakar abin da za su biya na kayan cikin gida, domin adadin da ake sa wa jirgin hutu bai isa tufafi da kwamfuta da kayan aikin mutumin da duk abin da ya mallaka yana ciki ba, ka tambaya kuma ko za su biya maka masauki na wucin gadi idan jirgin ya shiga gyara. Ka koma wurin na biyu da na uku da waɗannan tambayoyi, sannan ka auna amsoshinsu.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Na bar jirgina a wata tashar ajiye jirage na yi tafiyar wata biyu a lokacin sanyi. Da na dawo sai na tarar ruwan sama ya taru a ɗakin inji har ya shanye injin, saboda ganyaye sun toshe magudanan bene, batirin famfon da ke kwashe ruwa kuma ya mutu. Ina da cikakkiyar inshora, amma kamfanin ya ƙi biya, ya ce rashin kulawa ne. Ina da abin yi kuwa?

AMSA: Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Ba zan ɓoye miki ba, kin faɗa a daidai gurbin da kusan kowace yarjejeniyar jirgin ruwa take ware wa kanta mafita. Kalmar "cikakkiya" tana ruɗar mutane, alhali abin da ake nufi shi ne asarar da ta zo kwatsam ta hanyar haɗari, ba wadda ta taru sannu a hankali ba. Tsatsa, ruɓewa, tsufan kaya, yoyon da ya ɗauki makonni, da ruwan sama da ya yi ta taruwa, duk ana lissafa su cikin abin da mai jirgi ya kamata ya tare da kulawarsa. Abin mamakin shi ne, kuskuren minti ɗaya ya fi samun diyya a kan sakacin wata biyu. Wanda ya bari bayan jirginsa ya hau dakalin da ke ƙarƙashin ƙofar matakala yayin da ruwa ke sauka, har gaban ya nutse, galibi ana biyansa, haka ma sau da yawa wanda ya manta bai ɗaure murfin ramin farfela da kyau ba bayan ya cire ciyawa, ruwa ya bulbulo ya cika ɗakin inji, duk da cewa waɗannan biyun suna cikin sanannun hanyoyin da irin wannan jirgi ke nutsewa.

Duk da haka ban ce ki haƙura ba tukuna. Ki nemi su rubuto miki ainihin sakin layin da suka dogara da shi, ki karanta shi da kanki, domin akwai bambanci tsakanin yarjejeniyar da ta cire duk wata shigar ruwa ta sannu a hankali da wadda ta ce za ta biya idan wani sashe ya lalace ba zato alhali ana kula da jirgin yadda ya kamata. Idan kina da shaidar cewa batirin sabo ne, ko an duba famfon kafin ki tafi, ko kin wakilta wani yana leƙawa, ko an yi wani ruwan sama mai ƙarfi na musamman a kwanakin, duk ki tattara: rasit, hotuna, saƙonnin waya, da rahoton makanikin da ya duba injin. Ki shigar da ƙorafi a rubuce ga kamfanin, wanda ƙa'ida ta ba shi mako takwas ya ba ki amsa ta ƙarshe. Idan amsar ba ta gamsar da ke ba, ko wa'adin ya cika shiru, kina da damar kai maganar gaban Financial Ombudsman Service, hukumar da ke raba gardama tsakanin jama'a da kamfanonin harkar kuɗi, cikin wata shida daga ranar amsar ƙarshen, ba a biyan ko kwabo, kuma idan hukuncin ya zo kika karɓe shi, dole kamfanin ya bi.

Game da sabuwar yarjejeniya kuwa, ki nemi sakin layin da ke magana a kan barin jirgi babu kowa, domin wasu suna ƙayyade kwanakin da za a iya barinsa ba tare da an duba ba, da wanda ke magana a kan sanyi, tunda da yawa ba sa biyan ɓarnar bututun da ƙanƙara ta fasa sai an nuna an zubar da ruwan bututu ko an sa maganin hana daskarewa a inji. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, jirgin ƙarfe kuma kullum cikin yaƙi da tsatsa yake, shi ya sa ake fito da shi duk shekara biyu ko uku a shafe jikinsa da baƙin fenti mai kwalta, a kuma sauya dunƙulen ƙarfen da ake mannawa domin tsatsa ta ci su maimakon jikin jirgin. Ki riƙa adana rasit ɗin kowane irin wannan aiki a wuri guda, kuma ba a cikin jirgin ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni a Landan nake, ba ni da matsaya ta dindindin, ina matsawa ne daga wuri zuwa wuri. Ina so in ratsa Kogin Thames daga Limehouse zuwa Brentford, kuma ina tunanin ba da hayar jirgin ga baƙi a wasu ranakun domin in rage kashe kuɗi. Inshorata ta yanzu za ta wadatar?

AMSA: Tare da naka, Malam. Tambayoyi uku ne ka dunƙule. Rashin matsaya ta dindindin halas ne a ƙarƙashin dokar British Waterways ta 1995, muddin kana tafiya da gaske kuma ba ka wuce kwana 14 a wuri ɗaya, amma dole kamfanin inshorarka ya san haka, domin jirgin da ke kwana a bakin hanya ya fi wanda ke cikin tasha mai shinge fuskantar sata. Ka duba abin da suka ce game da janareta da keke da sauran kayan da ake ɗorawa a rufi, tunda yawanci ba sa biyan satar da babu alamar fasa ƙofa ko karya kwaɗo a cikinta. Idan kai kaɗai kake tuƙi, ko kana tafiya bayan faɗuwar rana, nan ma ka tabbatar ba a taƙaita maka ba.

Thames daga Teddington zuwa teku ruwa ne da ke cika yana janyewa da motsin teku, yana ƙarƙashin hukumar tashar jiragen ruwa ta Landan, wato Port of London Authority, kuma akwai manyan jirage masu tayar da igiyar da siririn jirgi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa ba a ƙera shi dominta ba. Kowace yarjejeniya tana da iyakar ruwan da ta amince ka shiga. Da yawa sun yarda da ɗan ratsen irin wannan ruwa domin haɗa hanya da hanya, wasu sai ka sanar da su tukuna, wasu kuma sukan gindaya sharaɗin anga da rigunan ceto da rediyon jirgi, wanda hukumar kogin ma take buƙata ga jirgin da ya kai ƙafa 45 tsakanin Limehouse da Brentford. Wurare irin su mashigar Ribble, da bakin Kogin Severn tsakanin Sharpness da Portishead, sun fi haka tsanani, kuma a na biyun akan buƙaci ka ɗauki ƙwararren jagora. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka ka samu amincewarsu a rubuce tun kafin ka nemi lokacin buɗe ƙofar Limehouse.

Haya kuwa, amsar a'a ce kai tsaye. Inshorar da kake da ita ta amfanin kai ce, kuma daga ranar da ka karɓi kuɗi a hannun baƙo ka fita daga cikinta, ko da jirgin bai motsa daga inda yake ba. Za ka buƙaci lasisin kasuwanci daga Canal & River Trust, da takardar lafiyar jirgi mai sharuɗɗa fiye da ta masu zaman kansu, da inshorar kasuwanci da ta ɗauki nauyin baƙin da ke ciki. Ara wa ɗan'uwa ko aboki kyauta wani abu ne daban, yarjejeniyoyi da yawa sun yarda da shi idan da izininka ne, amma ka duba ko sun sa iyakar shekaru ko sharaɗin ƙwarewa.

TAMBAYA: Malam, idan inji ya mutu mini a tsakiyar hanya, cikakkiyar inshora za ta turo makaniki?

AMSA: Yawanci ba za ta turo ba, 'yar'uwa, domin lalacewar inji don tsufa ko gajiyar wani sashe ba haɗari ba ne a lissafinsu. Wannan hidima daban ake sayenta, daga kamfanonin agajin kan ruwa irin su River Canal Rescue, waɗanda ake biya kuɗin shekara su zo inda jirgi ya tsaya. Wasu kamfanonin inshora suna haɗa ƙaramin kaso na irin wannan agaji a cikin yarjejeniyarsu, saboda haka ki duba takardarki kafin ki biya sau biyu, ki kuma tambaya ko kuɗin ya haɗa da kayan gyara da jan jirgi zuwa tasha mafi kusa, ko kuwa zuwan makanikin kaɗai ya ƙunsa.